Kakata Ta Ƙi Karɓar Ta'aziyya

Ana gini a bayan gidanmu a nan Nguru. Duk sa'ad da tifa ta juye ƙasa, sai in ji ƙugin ya bi ta tafin ƙafata ya hau har ƙirji, in tsaya cak da abin da ke hannuna. Kai wataƙila ƙarar mota kawai za ka ji. Ni ƙauyenmu nake ji, can bakin kogi kusa da Gashuwa, shekarar da nake 'yar takwas.

Damina ce mai nauyi. Kwana da kwanaki ana ruwa, kogi ya cika ya shanye gonakin shinkafa, katangun unguwa sun jiƙe har sun yi baƙi. Ko'ina warin danshi ne da hayaƙin bandar kifi da ta ƙi kamawa. Gidanmu yana cikin jerin gidajen da ke bisa gaɓa. Kakana masunci ne. Ran nan da hantsi ya kifa jirginsa a kan tsofaffin turame biyu a gindin katangar baya, ya shige ƙarƙashi yana toshe wata ɓaraka da tsumma da kwalta. Ni da kakata muna tsakar gida muna tsintar shinkafa.

Sai ƙasa ta motsa. Har yau ba ni da wata kalmar da ta fi wannan. Faranti ya zame daga cinyata, randa ta tuntsure, kaji suka tashi sama. Ashe ruwa ya daɗe yana cin gaɓar ta ƙasa, ita ce ta zabtare. Katangar baya da ɗakin kakana da rumbu suka zube wuri ɗaya, haka na maƙwabtanmu. Da ƙarar ta lafa, inda jirgi yake babu komai sai tulin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ya fi babana tsawo.

Maza suka taru da shebur da fartanya. Aka fito da wata maƙwabciyarmu da ranta, aka fito da wani tsoho ba rai. A namu tulin kuwa aka tona, aka kira, shiru. Wajen azahar wata tsaga ta buɗe a tsakar gidanmu, tun daga bakin murhu har zaure, kana iya zura hannu a ciki. Bulama, mai garinmu, ya ce kowa ya koma kan tudu, sauran gaɓar ma tafiya za ta yi. Mutane suka ja da baya. Innata ta riƙe ni gam a jikinta.

Kakata ce kaɗai ba ta gusa ba. 'Yar ƙaramar mace ce, siririya, ta ɗaure zani a ƙugu ta ɗauki fartanyar da wani ya yar.

Bulama ya matso ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Tun hantsi ba motsi. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙurin rashi."

Ta ce, "Bulama, ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba."

"To ni ma ban gani ba. Riƙe ta'aziyyarka tukuna."

Babana ya je ya kama hannunta yana kuka, yana cewa kada a yi rashi biyu. Ta juyo ta yi masa magana da Badanci, harshen da take komawa idan ranta ya ɓaci. Ban ji duka ba, amma na ga ya saki hannun kamar ya taɓa wuta. Daga baya innata ta gaya mini cewa ta yi: mutumin da ke ƙarƙashin ƙasar nan bai taɓa dawowa daga kogi ya bar ko da ƙugiya a ruwa ba, ita ba za ta bar shi ba.

Muna kan tudu muna kallonta, tsohuwa ɗaya tana sara tana jawo ƙasar baya, ƙasa na ta zubewa kogi a bayanta. Goggona ce ta fara sauka da ƙwarya. Sai innata ta danƙa ni ga wata mata ta bi ta. Mata suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya. Mazan suka dubi juna. Bulama da kansa ya tuɓe babbar riga ya karɓi shebur.

Bayan la'asar fartanyar kakata ta bugi katako. Ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ta ƙwanƙwasa sau uku da ƙota. Aka jira. Can sai ga amsa daga ciki, a hankali, sau biyu.

Turmi ɗaya ya karye, ɗayan ya riƙe jirgin, shi ya bar masa wurin numfashi. Aka jawo shi fari fat da laka, ƙafarsa ta hagu a karye. Ya daɗe yana tari, sannan ya dubi kakata ya ce, "Kin fasa mini jirgi."

Ta ce, "Malam, tashi ka toshe."

Sai a nan ta zauna a ƙasa, tafukan hannunta duk jini. Kafin magariba rabin tsakar gidanmu ya bi kogi, har da murhu.

Mun yi wata guda a wata firamare a Gashuwa, kowane gida da kusurwarsa a aji, mai ɗori yana zuwa duba ƙafar kakana. Masu zuwa jaje suka yi ta ba da shawara a sayar da komar kamun kifi a zauna a gari. Kakana ya ƙi. Da lokacin kaka ya yi, yana ɗingishi ya auna sabon gida a kan tudu, kakata tana cuɗa ƙasa da ƙafa. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana su, shi ya yi mini walicci.

Yanzu gidajen tudun duk na bulo ne, tsohuwar unguwarmu kuwa kifi ke yawo a kai. 'Ya'yana kan nuna mini girgizar ƙasa a waya, a ƙasashen da ban san sunansu ba, benaye sun durƙushe, ga injuna ga karnuka masu shinshina. Su injunan suke kallo. Ni idona yana gefen hoton, wurin macen da aka ce ta matsa ta ƙi matsawa. Kusan kullum akwai ta. Idan mai labari ya ce an fid da rai, nakan ce wa yaran su bari tukuna, ba a tambaye ta ba.