Babban Mabuɗin Injin Salaga

Ni fa ba son kwamfuta ne ya kai ni harkar ba. Tafireta nake bugawa a ofishin wata ƙungiyar manoma a Salaga, wajen ƙarshen shekarun casa'in, sai aka wayi gari an girke wani inji a ɗakin baya. Aka ce shi zai riƙe sunayen manoma duka, sauran kwamfutocin ofis daga cikinsa za su riƙa ɗibar aiki. Da na leƙa allonsa sai na ga baƙi ƙirin, ba hoto ba ado, sai wani ɗan layi yana ƙifta min ido. Na ce a raina, wannan kam ba da ni ba.

Wadda ta girke shi wata mata ce 'yar Bawku, Anti muke ce mata. A Kumasi ta koyo aikin, kuma ita kaɗai ke kula da injunan ofisoshinmu uku, Bawku da Yendi da Salaga, tana hawa mota tana sauka da jakar kaset a hammata. Hausarta irin ta Bawku ce, kowa "kai" ne a bakinta, har ni da nake mace. Ta dubi yatsuna a kan tafireta ta ce, "Kai, zo nan. Hannunka na da sauri, saura kai."

Wallahi ban taɓa ganin mai koyarwa irinta ba. Ba ta taɓa madannai in ina zaune. Sai ta harɗe hannu a baya, ta bar ni in yi ta kuskure har in ji kamar in jefa injin ta taga. Ta ce tsarin da ke cikinsa ba na sayarwa ba ne, mutanen duniya ne suka haɗu suka gina, kowa na iya buɗe cikinsa ya karanta, don haka ba ni da hujjar cewa ban sani ba. Ta koya min buɗe wa kowane ma'aikaci ƙofarsa, da iyakance abin da zai iya taɓawa, da karanta rahoton da injin ke rubutawa kowace safiya, da kwafe komai a kaset duk Juma'a kafin a tafi masallaci. Bayan wata biyar ta raɗa min babban mabuɗi, wato kalmar sirrin da ke buɗe komai, take kuma iya share komai. Ta ce in na riƙe shi, injin Salaga nawa ne. In na sake shi, in koma tafireta.

To, shugaban ƙungiyar kawuna ne, wan mahaifiyata, wanda ya yanka ragon sunana. Ranar nan ya shigo da carbinsa ya ce, "'Yata, an ce akwai wani mabuɗi. A ce ina shugaba, ɗaki a ofishina ban da mabuɗinsa?" A gidanmu ko ido ba ma haɗawa da shi, balle a ce masa a'a. Na sunkuyar da kai na rubuta masa a takarda. Shi kuwa ya miƙa wa wani surukinsa mai cika baki wai ya iya kwamfuta, don ya gyara masa wata wasiƙa. Kafin azahar sunayen manoman da za a raba wa irin doya sun ɓace kaf, ga damina a bakin ƙofa.

Na ruga gidan waya ina kuka, na samu Anti a waya tana Yendi. Na zaci za ta wanke ni tas. Sai ta ce, "Ka yi kaset ran Juma'a?" Na ce na yi. Ta ce, "To kukan me? Ba na zuwa. Je ka mayar da su daga kaset." Haushi ya kama ni, na ce matar nan ba ta da imani. Amma na koma, na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kafin la'asar sunayen sun dawo, ban da na kwana biyu da na sake bugawa daga takardu.

Da na sake kiranta ina murna, ta ce ba ta ga abin murna ba tukuna. Mayar da sunaye kowa ma zai iya. Ta ce in canza mabuɗin yanzu, in buɗe wa Kawu tasa ƙofar da sunansa da muƙaminsa, ya ga komai amma kada ya iya share komai. "Babba ba a hana shi shiga," in ji ta, "kujera ake ba shi. Amma in ya sake tambayar babban mabuɗin, bakinka ne zai amsa, ba nawa ba." A nan na san matar nan ba inji kaɗai ta sani ba.

Washegari Kawu ya zo. Na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa ƙofarsa, sunansa ya fito a allo har da Alhaji. Ya ji daɗi, ya shafa gemu. Sai ya ce, "Madalla. To, wancan babban fa?"

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Amana ce, ba zan bayar ba."

Ya daɗe yana dubana, ni kuwa ina duban takalmansa. Ya juya ya fita, kuma sati uku bai amsa gaisuwata ba, har mahaifiyata ta yi ta min faɗa. Ran da ya huce, ina ɗakin baya na jiyo surukin nan yana roƙonsa ya sa a ba shi mabuɗin. Kawu ya ce, "Je ka tambaye ta mana. Ni da na yanka ragon sunanta ma ta hana ni."