Ruwan Kankana da Albasar Inna

Shekarun baya, ana gab da faɗuwar damina, samarin unguwarmu a Aliero suka shirya ƙwallo tsakanin ma'aurata da gwauraye. Ni na haura arba'in, rabona da gudu tun ina korar tsuntsaye a gonar gero. Na ce a yafe mini, domin washegari zan cire albasar mahaifiyata a fadama. Ganyenta ya riga ya kwanta, hadari kuma kullum sai ya leƙo daga gabas.

Abokina, mai sayar da kayan marmari a kasuwar Jega, ya ce, "Haba Malam, mi kaka tsoro? Ruwan kankana za ka sha kahin a hwara. Gobe ka tashi garau, ko gwiwa ba ta yi maka magana."

Ya tace mini cike da kwano. Na yi bisimilla na shanye. Ya ƙara, na sake shanyewa, kada a ce na raina kyauta.

A fili cikina ya dinga ƙugi kamar tulun da ba a cika ba. Amma da yake na yarda akwai magani a jikina, sai na bi yaran nan guje-guje har aka tashi. Gwaurayen sun ci mu, ban ma riƙe ko nawa ba.

Sallar asuba a zaune na yi ta. Inna ta leƙo, ta dube ni, ta ce, "To, shi mai kankanar shi zo shi cire muna albasa." Ta ɗora ruwa, ta gasa mini cinyoyi, ta shafa man kaɗe. Maƙwabtan da zan nema su taimaka kuwa duk 'yan ƙungiyarmu ne, kowa na ɗingishi a gidansa.

Kafin in iya sunkuyawa ruwa ya sauka, fadama ta cika. Abin da muka tsamo bai kai rabi ba. Abokina ya zo jaje, ya ce, "Ƙila kankanar ba ta nuna ba."

Ban ce ruwan kankana ba shi da amfani ba, masu sani sun san nasu. Abin da na gane shi ne jiki yana da hakkinsa, kuma ba a lallashinsa da kwano biyu. Inna, Allah Ya jiƙanta, ba ta sake ɗauko zancen ba. Ranar da muke tsince ruɓaɓɓu, ta miƙo mini kujerar tsugunno, ita ta zauna a ƙasa.