Ilmin 'Yan Ruwa: Daga Kano Zuwa Fulatan

Laraba, Kano zuwa Karaye

Tun kafin kiran assalatu na baro masaukina a Kano, a wata damina gab da Turawa za su miƙa mulki. Raina a ɓace na fita. An ba ni gurbi a wata jami'a ta bakin teku a Ingila in karanta ilmin halittun teku, wato kifaye da ƙaguwa da tsirran ƙarƙashin ruwa. Sharaɗi ɗaya ne: mahaifina ya yarda kafin Litinin, in ba haka ba a ba wani. Da Baturen makaranta ya je rangadi Rogo ya tambaye shi, sai tafinta ya ce wa tsohon, "Ilmin 'yan ruwa za a kai ɗanka ya koyo." Baba ya ce bai yarda ba, ya kaɗe rigarsa ya koma gida Fulatan. Da kalma biyu tafintan nan ya nemi ya zubar mini da karatun shekara da shekaru.

Na samu wata akori-kura mai kai gishiri da kananzir, na hau kan buhu. Kusa da Yammedi ruwa ya kece, mai gadin shinge ya rufe hanya, ya ce ba motar da za ta taka jar ƙasar nan sai ta sha iska. Tun hantsi muke zaune har la'asar. Direba ya ƙare mini kallo ya ce, "Malam, ba kai ne na Malam Audu na Fulatan ba? Wai da gaske sai sun sa maka wutsiya irin ta tarwaɗa?" Fasinja suka fashe da dariya. Ashe labarin ya riga ni hawa mota. Na haɗiye abin da ya taso mini, don in na yi magana a ƙasa zan ƙarasa.

A Karaye na sauka gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba. Ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, ta ajiye ƙoƙon rubutu a gefe, ta cika ɗakin da hayaƙin turare har ina tari.

"Ɗanladi, ka rufa mana asiri. Me aljanun ruwa za su ba ka?"

Na ce, "Gwaggo, kifi ne fa! Wanda ya gama, ko ya zama jami'in kula da kamun kifi na lardi, ko ya koyar a jami'a, ko ya yi aiki da manyan jiragen kamun kifi a Ikko."

Ta dafe ƙirji. "Au, su za ka koyo? Mu a danginmu ba masunci."

An gudu ba a tsira ba. Na shanye rubutun don a zauna lafiya.

Alhamis, Karaye zuwa Rogo

Da sassafe na ari keken mijin Gwaggo. Kogin Challawa ya cika ya batse. A wannan mashigin ne ruwa ya tafi da yayana Sale ina ƙarami, kuma ba a taɓa ganin gawarsa ba. Mai fito ya ɗora keken a kwalekwale, ya ƙi karɓar ko anini. "Haba Malam, kai da za ka zama na gidan 'yan ruwa? In ka je dai ka sa mana baki." Wannan ba zolaya yake ba, shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai.

Da azahar na shiga Rogo, taɓo har gwiwa. A bakin kasuwa na tarar da tafintan nan a inuwa, yana cin tsire hankalinsa kwance. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa ka ce wa Baba 'yan ruwa?"

Ya lashe yatsa ya ce, "Yo ɗan nan, halittar ruwa da ɗan ruwa, ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Tsoho zai gane doguwar magana ne?"

Wallahi ban taɓa jin ina son marin mai furfura ba sai ranar. Mutum yana cin albashi da harshen mutane, bai damu da inda maganarsa ta faɗa ba. Na ja kekena ban yi masa sallama ba.

Fulatan

Bayan la'asar na iske Baba a gonar gyaɗa, yana cire ciyawa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi hanya da mutanen Karaye. Daga nan na kwance masa duk abin da na ƙunso tun daga Kano: aikin da ake samu, da amfanin da talaka zai ci, da sakarcin tafinta. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "To, a can ƙasan, ba za ka gamu da su ba?"

Haushin kwana biyu ya yi magana da bakina. Na ce, "Baba, babu wasu 'yan ruwa! An shiga, an duba. Laka ce da kifi, ba kowa."

Ya ajiye fartanyarsa. Sannan ya ce, "Ashe Sale ba ya hannun kowa."

Ashe duk shekarun nan da wannan yake kwana yake tashi, cewa ɗansa na nan da rai a wani gari ƙarƙashin kogi, ana riƙonsa. Ya ƙi ba 'yan ruwa ɗansa na biyu ne kawai.

Ya miƙe ya saɓa fartanya. "Gobe in an sauko Juma'a sai mu je Rogo wurin Baturen in faɗa masa da bakina. Tafi karatunka. In an kira magariba kuma ka tsaya kusa da ni, mu yi wa ɗan'uwanka addu'ar da ban taɓa yi masa ba."

Haka na iso gida lafiya, na gode wa Allah da Gwaggo Hajo da mai fito. Tafinta kuwa, har yau ban samu abin da zan gode masa ba. Na samu gurbina. A ranar Alhamis ɗin nan ne kuma aka yi wa Baba rasuwar Sale.