Dutsen Iya da aka goge a Gubaira

Har yau in na ji ƙarar injin gurzar dutse sai raina ya ɓaci. A wata ma'aikatar marmara nake aiki a Gubaira, wata unguwa a Riyad, mu ne masu goge dutse har ya yi sheƙi. Abin da muka iya ke nan, da shi kuma muke taƙama.

Wata shekara aka gayyato masassaƙa daga ƙasashe, za a kafa ayyukansu a wani lambun jama'a a Riyad. Mu aka kawo wa wata tsohuwa daga Ostireliya, baƙa kamar ni, cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Aka ce ni zan riƙa juya mata dutse ina kawo mata ruwa. Iya nake ce mata, tana kuwa amsawa.

Ba mutum ta sassaƙa ba, ba dabba ba. Ɗige-ɗige ne da layuka marasa zurfi a kan faffaɗan dutse. Da guntun Turancina na gane hanya ce: inda kakanninta suka bi, inda suka sami ruwa, inda suka binne nasu. Tsofaffin matan garinsu ne suka zauna suka yarje mata ta fito da labarin, kowace ta ba da nata layin. Ta zo da jar ƙasarsu ƙulle a tsumma, tana cusawa cikin zanen da yatsa. Ta ce mini wannan ne dutsenta na ƙarshe.

Rannan ta tsura wa fuskata ido, ta nuna tsagar da ke kumatuna. Na ce ta gidanmu ce, Gobirawa, wanzami ya yi mini ina jariri, 'ya'yana ma ba su da ita. Ta gyaɗa kai ta ce, "To ka san abin da nake yi."

Mudir, shugaban ma'aikatar, shi ne bai sani ba, kuma bai damu ya sani ba. Ya zagaya dutsen yana yatsina.

"Wannan dattin za a kai gaban manya da sunan ma'aikatata?"

Na ce, "Mudir, ai an gama shi. Haka mai shi take so."

"Kai ne mudir ko ni? Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, a hannun wa take?"

Sai na je na faɗa wa Iya Mudir na shirin goge dutsen. Ta same shi da tafinta, ya dafa ƙirji yana "mafi mushkila", wato ba matsala da Larabci, wai ba wanda zai taɓa. Maƙaryacin banza! Abin da ya ƙara ƙona mini rai, 'yan uwana Hausawa ne ke mini dariya, wai me ya haɗa ni da gunki. Wane gunki, don Allah? Waye a cikinku bai san inda aka binne kakansa ba?

Juma'a ba ma aiki, na tafi unguwar Dira yawona. Ashe ranar Mudir ya kira ma'aikata biyu ya sa su a kan dutsen da inji.

Asabar da safe muka shigo tare da Iya. Innalillahi! Dutsen ya zama kamar tayil ɗin banɗakin otal, sumul, ko ɗigo ɗaya babu. Jar ƙasar ta bi ruwa ta kwanta a kwata. Mudir na tsaye yana washe baki, wallahi jira yake a gode masa.

Na yi kansa da masifa, Hausa, Larabci, duk abin da ya zo bakina, sai da aka rirriƙe ni. Iya kuwa ta nufi aikinta. Ta durƙusa tana shafa dutsen da tafin hannu, tana laluben inda zanen rijiyar farko yake.

Na sunkuya in ɗaga ta, sai na ga fuskata a cikin sheƙin dutsen. Ita ma ta gani. Ta ɗora yatsanta a kan dutsen daidai kumatuna, ta bi tsagar a hankali har ƙarshenta. Layin da ya rage a dutsen ke nan.