Neman tulu mai tsattsafo a Haɗejiya

Mun tashi daga Birniwa ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina, za mu Haɗejiya neman dabarar raya lambun Inna, raina duk a jagule. Tun rasuwar Baba na ɗauko Inna daga ƙauyenmu na bakin kogi ta dawo wurina. Matar da ta tsufa tana lambu a fadama, ga ta yau a garin yashi. Duk abin da ta shuka a bayan ɗaki, iskar bazara mai zafin nan sai ta bi ta ƙone shi. Da alayyahunta na bana ya fara langaɓewa, ta ce min in ya mutu gida za ta koma, ko da ita kaɗai ce. Inna kuwa ba ta maimaita magana.

Kuɗin mota ya hau, saurin mota bai hau ba. A Malam Madori direba ya tsaya lodin buhunan riɗi kamar a can za mu kwana. Na sauka, na hau, na sake sauka. Muna shiga Haɗejiya abokin nawa ya kafe sai ya ci soyayyen kifi. Ni a tsaye na ci nawa, ban ma ji daɗinsa ba.

Bakin kogi kore shar, shinkafa da albasa iya ganinka, injinan ban ruwa na ta ruri. Ban tsaya ba, don mu ba mu da kogi. Can kan tudu na hango wani ɗan lambu da aka kewaye da zanar kacalla, ciyawar nan da masunta ke tsine wa saboda toshe hanyar ruwa. Mai lambun, wani dattijo, ya nuna min wasu tuluna da ya binne har wuya a tsakiyar kowane fangali, ya cika su da ruwa yana tsattsafowa cikin ƙasa, ya rufe bakinsu, ya baza ƙaiƙayin shinkafa a kan ƙasar. Na tura yatsa, da tsakar rana, na ji danshi.

Ban tsaya doguwar sallama ba na nufi kasuwa wurin wata tsohuwa mai tukwane.

"Iya, wanda ya fi tsattsafo da ruwa nake so."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan, zagina ka zo yi? Ni nake gina tulu mai yoyo?"

Da ƙyar na fahimtar da ita. Ta jawo wasu daga bayan rumfa, waɗanda masu saye suka ƙi, tana ta dariya.

A hanyar dawowa abokina ya rungume tulu kamar jariri, zanar kacallar da na saya tana saman mota, kowane rami gabana sai ya faɗi. Mun iso bayan la'asar, na tarar rabin alayyahun ya riga ya tafi. Na fasa shiga ɗaki, na hau haƙa. Inna na zaune a kan tabarma, ko kallona ba ta yi.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, a garinmu yawan ban ruwa ba ya raya shuka, sai an tare mata iska an ɓoye mata ruwan a ƙasa. Washegari da safe na tarar da Inna a durƙushe, hannunta cikin fangali. Ba ta ɗago ba ta ce, "In ka je kasuwa, ka nemo min irin kuɓewa. Nan gefen ya yi fili da yawa."