Turken Andarawus a Tungar Ɗangana

Da babban yatsana na ƙafa na fara sanin Andarawus. Ruwan Kainji ya ja baya ƙasa da garin Wara, na sauko daga kwalekwale ina tafiyar manya cikin laka, sai wani kututturen siminti ya tare ni. Na kife, hulata ta bi ruwa. Wani dattijo ya taho da sauri, na miƙa hannu don ya tashe ni, sai ya wuce ni ya durƙusa gaban simintin yana shafa shi, ko na yi masa lahani.

Mutumin kan tudu ne, manomin dawa, Bakambare mai zuwa coci. Yana da shekara ashirin da biyar masu safiyo suka iso ƙauyensu, Tungar Ɗangana, ana shirin datse kogin Kwara. Suna neman mai ƙafa da kafaɗa, suka same shi. Shi ke jan sarƙar awo, shi ke tsayawa riƙe da doguwar sanda mai lambobi, wani can nesa yana leƙensa ta na'ura mai ƙafa uku yana ɗaga masa hannu: matsa dama, matsa hagu, tsaya. Wajen tsayuwa kuwa Allah ya yi masa baiwa. Ƙuda ya sauka a hancinsa, sai dai ƙudan ya gaji ya tashi.

Turakan siminti biyar ya zuba da hannunsa, kowane da ƙusar tagulla a ka. Na biyar a bakin ƙauyensu yake. Daga nan suka yi ta hawa tudu suna shafa jan fenti jikin duwatsu da itatuwa. Da ya tambayi amfanin fentin, aka ce nan ruwa zai tsaya. Ya waiwaya ya hango rufin ɗakinsa can ƙasa. Ya ɗauki gwangwanin ya ci gaba da shafawa, don ba a tashi aiki ba.

Matarsa Marta ta rasu a damina ta ƙarshe kafin a kwashe su. Ranar da za su bar garin ya ari sarƙar, ya ja daga ƙusar turken zuwa kabarinta: sarƙa huɗu da taku tara, fuska ga gabas. Bai rubuta ba, bai iya ba. Ya koma sabon gidan da aka ba su, ya yi noma, ya aurar da ƙannensa. Duk shekara, in ruwa ya kai ƙarshen janyewa, turken kan leƙo na 'yan makonni. Kabarin bai taɓa fitowa ba. Yakan je ya kankare gansakuka, ya tsaya ya dubi gabas, ya dawo gida.

Da aka yanke jihar Kabi, sabuwar jiha ta so sabuwar taswira. Aka turo wani mai safiyo, Bashiru, da tsohuwar takarda a hannu, yana neman turakan dā don ya ɗaura sabon awo a kansu. Mako biyu yana yawo bai ga ko ɗaya ba, har aka nuna masa gidan Andarawus. Cikin kwana biyu dattijon ya kai shi huɗu, ɗaya ma a ƙarƙashin rumbun wani Bafulatani, Hammadu, wanda ya rantse tun kakansa dutsen ke nan.

A kan tsohuwar takardar Andarawus ya sa aka nuna masa sunan ƙauyensu. Ya ɗora yatsa ya tambaya ko sunan zai hau sabuwar. Bashiru ya ce gaskiya a'a, wurin zai zama shuɗi kawai, don abin da aka taka aka auna shi ake zanawa. Andarawus ya san aikin. Ya san kowane turke da aka auna ana rubuta masa sunan garin da ke kusa da shi.

"Akwai na biyar," ya ce. "Ka dawo in damina ta kankama."

Lokacin ruwa cike yake, Bashiru kuma yana da huɗu, sun ishe shi. Wata biyar Andarawus bai yi zancen da kowa ba. Ya huɗe gonarsa, ya shuka. Rannan sai ga motar Bashiru. Suka shiga laka har gwiwa, aka kafa na'ura, dattijo ya ɗora sanda a kan ƙusar ya tsaya irin tsayuwarsa ta dā. Bashiru ya buɗe littafin awo ya tambayi sunan wurin, aka gaya masa, ya rubuta.

Bayan shekara biyu Bashiru ya aiko masa da taswirar, mutumin kirki ne. Cikin shuɗin akwai 'yar alama mai kusurwa uku, da lamba a gefe. Sunan ya tsaya can cikin littafin awo, a wani ofis a Birnin Kabi. Andarawus ya sa an karanta masa lambar sau biyu, ya naɗe takardar, ya soke ta a jinka, ya tafi ban ruwan awakinsa.

Duk wannan a bakinsa na ji, ina zaune kan gefen kwalekwale ina matsa yatsa, shi yana kankare simintin da guntun wuƙa. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin gonar wani. Ni kuwa bakina ba ya zama. Na ce, "To Baba, shekara kusan talatin kana yi wa dutse wanka, aka sallame ka da lamba. Ba ka haƙura ka bar wa kifi abinsu?"

Bai ɗago ba.

"Ni daga wanga wuri na san inda tawa take kwance, ko ruwa ya kai sama," ya ce. "Kai ina hularka?"