Tankin ruwan da ya hana surukata cin abinci

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ƙarar tankin nan ba: ƙulululu, sai shiru, sai kuma ɗis, ɗis. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ba maigidana, wanda ke aikin komi, wato akawun gwamnati, a Tawa, ɗaya daga cikin gidajen da Turawa suka bari. Makewayin yana cikin gida, bango ɗaya da ɗakin baƙi, da famfo, da farar kujerar tangaran, da tanki a sama mai sarƙa. Ni da na yi lakkwal, karatun boko har kwaleji, ban ga abin tsoro ba. Ina yin addu'ata a bakin ƙofa, in shiga da ƙafar hagu, in fito da ta dama.

Cikin bazara surukata ta zo daga Barmu ganin gidan ɗanta. Tana zaune kan tabarma, ƙwaryar hura a hannunta, sai tankin ya yi kukansa. Ta tambaye ni wa ke ciki, na ce ba kowa. Na kai ta na nuna mata, har da jan sarƙa, ina jin daɗi. Ta daɗe tana kallon ruwan yana juyawa.

Daga nan ta zama baƙuwar da kowa ke so. Duk kwanon da na kai mata, a suɗe yake dawowa, ta bi ni da albarka. Ɗiyata, wadda ba ta isa shiga lakkwal ba, ta manne mata, kullum suna ɗaki tare. Na lura leɓɓan tsohuwa sun bushe, ta kuma koma yin sallah a zaune, amma da na tambaya sai ta ce zafin birni ne. Suruka ba ta tsananta wa uwar miji da tambaya, sai na bar zancen.

Wata rana bayan azahar na ji faɗuwar buta. Na tarar da ita kwance a ƙofar ɗaki, idanu sun faɗa, harshe kamar busasshiyar fata. Likitan da maigida ya ɗauko ya ja fatar hannunta, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya juyo ya tambaye ni, a gaban mijina, yaushe rabon matar nan da abinci da ruwa. Na rantse da kwanonin da nake wankewa. Sai ɗiyata ta fashe da kuka, ta ce ita ce ke cinye tuwon, Kaka ta ce kada ta faɗa, hurar kuma a gindin itacen bedi suke zubarwa.



Da ta farfaɗo, na durƙusa na ce, "Inna, mi muka yi muku?"

Ta ce, "Ba ku yi mini komi ba, ɗiyata. Can gida, su da wurinsu, mu da namu. Nan ko kun kwana da su rufi guda. Ina jin su cikin bango ina sallah."

Ashe a ganinta aljannun da ke zama wurin najasa su ne ke motsa ruwan. Ba za ta shiga ɗakinsu ta fito ta taka buzun sallarta ba. Fita bayan unguwa da buta kuwa, a gaban manyan ma'aikata, zubar da mutuncin ɗanta ne. Sai ta zaɓi ta rage ci da sha har buƙatar ta ɗauke, ta riƙa kurɓar abin da zai jiƙa maƙogwaro kawai.

Limamin unguwa ya zo ya yi mata bayani a hankali, cewa gaskiya ne ana neman tsari kafin shiga, addu'ar kuma ta isa katanga ko makewayin na daji ne ko na siminti, kuma wurin da ruwa ya wanke ya tsarkaka. Ta saurara da ladabi, ta ce ta yarda da Malam, amma zuciyarta ba ta yarda da bangon ba. Maigida bai tsaya gardama ba. Ya sa aka haƙa salga a ƙuryar gida, aka kewaye ta da zana.

Abin da na koya, ba a auna baƙo da kwanon da ya dawo wayam. Wanda kunya ta rufe wa baki, kai ne za ka nemi abin da ke damunsa, kuma abin da ya zama sauƙi a gare ka yana iya zama azaba ga wanda kake ƙauna.

Ranar da ta fara cin tuwo sosai, ina tsaye ina share hawaye, ɗiyata ta ja mini zane, fuska a murtuke, ta ce, "Mama, Kaka ta daina sona. Yau ko loma ba ta rage mini ba."